Baba Modu da Giyar Murɗawa

Baba Modu ya rasu. Da safen nan ina rigima da 'yata Hauwa kan cajar waya aka yi sallama, aka miƙo mini makullin motar jana'iza, kafin ma a faɗa mini ko wa za a ɗauka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutanen Kabara kun san shi. Ga waɗanda ba su sani ba, shi ne dattijon Babarbaren da ke jan a-kori-kurar masallacinmu, wadda ake kai mamata maƙabarta a cikinta. Tun ina saurayi nake ganinsa a kanta. Shi ya kai mahaifiyata. Bayan an dawo ya zo ya zauna kusa da ni a tabarma kwana uku, yana turo mini dabino da yatsa.

Bara tsohuwar motar ta gaji, wani ɗan unguwa mai aiki a ƙasar waje ya aiko da wata. Otomatik ce. Babu kuloci, babu sandar giya. Wani ɗan abu ne kamar murfin kwalba kusa da rediyo, murɗa shi ake yi, da haruffa huɗu a kansa.

Baba Modu ya iya ta a yini ɗaya. Amma idonsa ya fara rauni, sai ya ce wa dattawan masallaci ni zan gaje shi.

Ni fa. Shekara ashirin ina jan bas, kuma a aji biyu na sakandare ni da boko muka yi bankwana, babu wanda ya yi kukan rabuwa da wani. Hauwa ce ta rubuta mini ma'anar haruffan a bayan kwalin ashana, tana dariya har da riƙe ciki.

Ranar farko na kai hannu neman giya na cafko gwiwar Baba Modu. Ya ce in cika shi, yana da iyali. Da na zo yin ribas na murɗa na rediyo, wa'azi ya cika lungu, mota ko motsi.

Wannan duk wasa ne. Abin da ba wasa ba ƙafata ta hagu ce. Ta saba da kuloci, ko ban aike ta ba sai ta tafi nema, kuma birki take samu. Rannan da makara a baya, babu kowa a ciki, na danna shi har ƙasa. Makarar ta zamo ta daki bayan kan motar, ƙarar har bakin masallaci.

Dattawa suka ce ba za a ba ni gawar Musulmi in yi ta wurgi da ita ba. Ban ga laifinsu ba. Baba Modu ya ce a bar masa ni wata ɗaya, Bafulatanin birni ne, saniya ma bai iya korawa ba, sai a hankali.

Shi ya sa na riƙa cire takalmin hagu in naɗe ƙafar in zauna a kanta kamar zaman tahiya. Ya kuma nuna mini wani abu da har yau ban saba da shi ba. Kana ɗaga ƙafa daga birki motar za ta fara tafiya da kanta, ba ka taɓa totur ba. A hankali, daidai takun mutum. Ya ce kada in ƙara mata, tafiyar masu rakiya ce, ta fi ni sanin aikin.

Talatar da ta wuce da hantsi ya ce yau jarrabawa. Na zaci zai zauna a gefena. Sai na ga ya hau baya ya shiga makara ya miƙe. Na ce Baba mene ne haka, sauko don Allah. Ya ce ta ina zai san yadda nake tuƙi in ba daga inda fasinjojina ke kwanciya ba. Rana ta dame shi, ya ja babbar rigarsa fara ya rufa har kai.

Na murɗa giya, na ɗaga ƙafa.

Ba mu fita daga unguwa ba na ga wani tela ya ajiye almakashi ya biyo mu. Sai mai kayan miya. Sai wasu dattawa biyu da ba su ma tambayi ko waye ba. Mata na matsawa jikin bango suna cewa Allah ya jiƙan Musulmi. Na so in leƙa in ce musu ai da ransa. Amma ina duba madubi, farin nan ko numfashi ban ga yana yi ba.

A bakin maƙabartar da ke wajen Ƙofar Ɗan Agundi akwai ɗan tudu. Nan motar ta rage, ta rage, ta tsaya da kanta.

Sai ya yaye rigar ya tashi zaune.

Telan nan takalminsa ɗaya a wurin ya kwana. Baba Modu kuwa bai yi dariya ba. Ya ƙirga waɗanda suka rage da yatsa, ya sauko ya leƙo ta taga ya ce mini:

"Ban ji komai ba, har barci ya ɗauke ni. Haka za ka yi ranar Asabar."

Na ce wa za a kai ranar Asabar? Ya dube ni kamar ni na yi maganar. Ya ce shi bai ce Asabar ba.

Yau Asabar.

Iyalinsa sun ce lafiyarsa lau ya yi sallar asuba, ya ce zai ɗan kishingiɗa.

Bayan an sallace shi ɗaya daga cikin dattawan ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko zan iya, ko a ɗauka a kafaɗa. Na ce zan iya. Ƙarya nake. Na cire takalmi na zauna a kan ƙafata, na ɗaga ta dama daga birki. Daga Kabara har can ban taɓa totur ba. Wani mai adaidaita ya yanko gabana, na ji ta hagun tana fizga a ƙarƙashina kamar an kama kaza, na danne ta da duk nauyina. Makara ba ta gusa ba ko da faɗin yatsa.

A tudun nan motar ta tsaya inda ta tsaya ranar Talata. Jama'a na jira in fito, ni kuma idona na kan madubi. Allah ya sani jira nake ya tashi.

Da na buɗe ƙofa na manta ban murɗa giyar ba. Na ji ƙas, ta mayar da kanta wurin tsayawa. An ce haka aka ƙera ta. To.

Na sako ƙafa ƙasa, ashe ta mutu murus saboda zaman da na yi a kanta. Na zube a gaban mutane kamar buhun gero. Ina zaune a ƙasa ina dukanta aka wuce da shi ta gabana. Kafin jini ya dawo in ɗingisa in isa, har an fara mayar da ƙasa.

Na kai shi lafiya, amma ban samu sa hannu a makararsa ba.

Allah ya gafarta wa Baba Modu, ya haskaka kabarinsa, ya sauƙaƙa masa kwanciya yadda ya sauƙaƙa wa iyayenmu tafiya. Allah ya ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce. Ni ma ku sa ni a ciki. Dattawa sun ce in riƙe makullin, kuma wasunku ni zan kai.