Gaisuwar da Ta Raba Jika da Kakarsa

Shekarun baya, in na ƙirga abin da ya rage wa mahaifiyata a duniya, bai wuce uku ba: carbinta, goron da ake daka mata, da ɗana na fari wanda ta riƙe tun yaye. Haƙora sun tafi, ƙawayenta na ƙauyensu Yammedi duk sun riga ta gidan gaskiya. Yaron nan ne dariyarta.

Ni dillalin gyaɗa ne, kullum ina tsakanin Karaye da ƙauyukan Rogo, amma in ina gida ko daga zaure nakan ji su. Ya dawo daga makaranta ya ce, "Ke tsohuwa, har yanzu ba ki mutu ba? Na sake ki fa!" Ta ce, "Kai da ko sabulu ba ka iya saya min? Miji ba gemu, ni ma na gaji da kai." Wasan jika da kaka ke nan.

Yana shekara goma sha biyar na ba shi tsohuwar wayata. Wata rana ya ɗauki bidiyon wasansu ya ɗora a shafinsa. Wani ya yanke wurin da take ramawa tana dariya, ya bar maganar yaron kaɗai, ya rubuta wai ga yaro yana yi wa uwarsa fatan mutuwa.

Ina kan awo a kasuwar Zoza abokina ya miƙo min wayarsa. "Alhaji, wannan ba naka ba ne?" Mutanen da ko hanyar Karaye ba su sani ba suna ta tsine masa. Ɗan asara, la'ananne, wasu har da wa'azi.

Na sa aka ɗora cikakken bidiyon, ba wanda ya kalla. Na ce wa yaron, "Share, kwana biyu za su sami wani." Ni da ke gane jiƙaƙƙiyar gyaɗa tun tana cikin buhu, ban gane yaron ya karanta kowace tsinuwa ya haddace ba.

Tun daga nan sai ya shiga ɗakinta ya durƙusa. "Ina kwana, Hajiya. An tashi lafiya?"

"Wace Hajiya? Yau kuma wa ya mutu?"

Ta ce ta sami sabon miji mai babur. Ya ce, "Allah ya ƙara lafiya," ya fita.

Ta kira ni. "Me na yi wa mijina? Yana gaishe ni kamar baƙuwa." Na yi mata bayani. Ta ce, "Su 'ya'yan wane ne?" Na ce ban san su ba. Ta ce, "To mutanen da ba ka san ubansu ba ne suka raba ni da shi?"

Na zaunar da shi, na ce, "Kakarka ce, tsokane ta kamar da." Ya ce, "Baba, in na buɗe baki sai in ji kamar suna kallona."

Da damina sai tsohuwar ta kwanta ciwo. Shi ke ba ta kunu, shi ke yi mata fifita, duk cikin ladabi. Ranar ƙarshe da ta iya magana ta dube shi ta ce, "Ga shi zan mutu, sai ka huta." Ta jira ya rama. Ya ce, "Allah ya ba ki lafiya, Hajiya." Ta juya fuska bango.

Ƙannensa yanzu suna da waya, ban hana ba, hani ba ya tasiri. Amma nakan zauna da su in tambayi me aka ce musu a ciki, kuma na gaya musu wanda bai taɓa cin tuwon gidan nan ba, ba shi zai faɗa musu ko su wane ne ba.

Shi kuwa ya girma, muna kasuwa tare. Mutane na cewa, "Alhaji, ka yi dace da ɗa mai ladabi." Nakan ce alhamdulillahi. Ribar ke nan. Asarar kuwa, tun da muka dawo daga maƙabarta ban ƙara jin ya yi wa kowa wasa ba, kuma waɗanda suka jawo ko tunawa da shi ba sa yi.