Sunan Tabitha a Littafin Shanu

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tsaron ɗakin tsofaffin takardu na ƙaramar hukumar Paso Ceibal, a nan Ajantina, kuma a duk waɗanda suka taɓa hana ni shan mate ɗina, shayin ganyen nan namu, da zafinsa, babu kamar Doña Nélida Hebden.

Doguwa ce siririya, mai shuɗɗan idanu, ta kusa saba'in a lokacin. Kaji take kiwo, tana ɗinki, ba ta taɓa aure ba. Duk garin nan "Baturiyar Ingila" muke ce mata, alhali abin da ta iya da Ingilishi bai wuce addu'ar cin abinci da wata ashar da take yi wa karnuka ba. Amma ƙarfe huɗu na yamma, ko gobara ake yi, sai ta zauna ta sha shayinta da madara.

Kakanta Amos Hebden ya zo daga Ingila da matarsa Tabitha a 1873. An yi musu alkawarin gona, suka tarar da fadama da sauro. Shekara ba ta zagayo ba zazzaɓi ya ɗauke Tabitha, ta bar jariri ɗan wata bakwai, wanda shi ne mahaifin Doña Nélida. Da yake ba 'yan Katolika ba ne, Fadan cocin na wancan zamanin ya hana a shigar da gawar makabarta. Sai Amos ya haƙa rami a bayan katanga, ya binne matarsa, ya kafa turke na icen nan namu mai taurin tsiya da gara ba ta ci.

Ba suna a jikin turken, ba kwanan wata. Wannan ne mahaifin Doña Nélida bai taɓa yafewa ba. Amos ya yi arziki daga baya, ya tara tumaki, da ya mutu dokar ta riga ta sauya, aka binne shi a ciki da farin dutse mai rubutu. Ɗan ya rayu yana cewa, "Uwata ko suna bai ba ta ba." 'Yar kuma ta gaji fushin kamar yadda ta gaji butar shayi. Kowace ranar tunawa da matattu, muna shiga ta ƙofa da furanninmu, ita tana zagayawa bayan katanga da nata. Ban taɓa ganin ƙafarta a cikin makabartar ba.

To, sai aka zo faɗaɗa hanya saboda manyan motocin shinkafa, kuma layin ya bi ta kan turken daidai. Injiniyan aikin ya ce ba ya rushe kabari, amma shi turke yake gani. A kawo masa takarda kafin ƙarshen wata, in ba haka ba katafila za ta wuce.

Haka ta tare a ofishina. Littafin coci babu Tabitha, tunda Fada bai rubuta wanda bai binne ba. Rajistar mamata ta hukuma kuwa sai bayan shekara goma sha da mutuwarta aka fara. Muka samo kwafin takardar jirgin ruwa, ta buɗe, sai ga abin da ke ciki: "Amos Hebden, manomi, da iyalinsa." Shi ke nan.

"Doña Nélida," na ce mata, "mun duba duk inda ake rubuta mutum. Ki haƙura."

"Kai dai ka gaji, Don Ovidio. Tun da na san ka a gajiye kake. Ina jin a gajiye aka haife ka."

"Ƙurar da kika sa na shaƙa a makon nan ta isa a yi bulo."

"To a yi, a gina maka ɗakin barci."

Saura kwana huɗu ta shigo da wata farar takarda. Ta manna ta ne a jikin turken ta goga gawayi, sai wata alama da ta kusa shafewa ta fito: da'ira da ɗan ganye a samanta, kamar tuffa. Ina gani na gane, don na san zanen ƙarfe mai zafi in na gan shi.

"Wannan tambarin shanu ne," na ce, a hankali. "Kada ki nuna wa injiniya. Cewa zai yi turken tsohon garke ne."

"Ba tambarinmu ba ne. Namu na san shi, yana jikin kowace tunkiya tun ina yarinya."

"Shi ya sa na ce kada ki nuna masa."

Fuskarta ta yi ja. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta ƙwanƙwasa teburina da yatsa.

"Sauko min da littafin shanu."

"Haba, Doña! Kakarki za mu nema a cikin shanu?"

"A cikin mutane ka same ta?"

Na jawo tsani. A ƙasar nan ana iya haihuwar mutum ya mutu ba a rubuta shi ba, amma ba a taɓa ɗana wa saniya wuta ba tare da an zana tambarin a littafin hukuma, da sunan mai shi, da yawan dabbobinsa ba. Na hau tsani ina gunaguni, na sauko da na 1874, wanda ni kaina ban taɓa buɗewa ba. Muka bi shafi-shafi, tana riƙe da takardarta ta gawayi tana gwadawa.

A shafi na arba'in da wani abu muka ga tuffar. Idonta bai iya karanta tsohon rubutun ba, ta ce in karanta mata. Na karanta.

"Mai tambari: Tabitha Hebden, 'yar Ingila, marigayiya. Mijinta ne ya kawo ƙarfen, bai iya rubutu ba, ya dangwala alama. Yawan dabbobi: babu. Ya ce na turke ɗaya ne, a bayan katangar makabarta, inda take kwance."

Ni da ba na son a ga hawayena, sai na kama goge tabarau. Ka duba mutumin nan: baƙo, ba ya jin yarenmu sosai, ga jariri a hannu, littafin Fada ya ƙi matarsa. Sai ya je wurin maƙeri, ya zo ya tsaya a layin masu shanu, ya sa aka rubuta sunanta a littafi ɗaya tilo da ba a tambayar addinin mutum.

Doña Nélida ta ɗora yatsa a kan sunan, ta daɗe ba ta ɗaga ba.

"Ashe ya rubuta ta," ta ce. "Baba ya mutu bai sani ba."

Na yi kwafi, na buga hatimi da ƙarfin da ban taɓa bugawa ba. Injiniyan ya karanta sau biyu, ya cire hularsa, ya karkatar da hanyar. Kwanar tana nan har yau, direbobin shinkafa suna zaginta kullum, ni kuwa daɗi nake ji in na ji su.

Ranar tunawa da matattu ta waccan shekarar, ina tsaye a bakin ƙofar makabarta na hango ta ta fito daga bayan katanga. Ta ajiye damin fure ɗaya a can, amma akwai na biyu a hannunta. Ta zo ta tsaya a gabana, tana kallon cikin makabartar kamar baƙuwa a tasha.

"Don Ovidio," ta ce, "a wane layi kakana yake?"