Shuɗin Duron da Na Kai wa Jikana

Mun tashi da asuba daga Kafanchan, ni da ƙanwar maigidana, ko shayi na kasa sha don murna. Ni da ko kasuwa sai dole, yau ga ni zan je Sabon Tasha ganin jikana na fari. Na ɗaure acca, daddawa, da wani shuɗin duron roba da na saya gwanjo, don a riƙa tara wa jariri ruwa. Biyu na saya, ɗayan yana gida muna sha a ciki.

Direba ya ce kuɗin duro daidai da na mutum. Na ce to ya ba shi kujera kusa da taga. Aka yi dariya, aka ɗaure shi a saman mota.

Bayan Zonkwa ramuka suka fara, kowane rami sai wata uwa a baya ta kira Yesu. A Kaciya an shanya citta bakin titi, ƙamshinta har cikin mota. Muka sayi ayaba da gyaɗa, tsadarsu ta sa na tauna a hankali.

Da muka isa Sabon Tasha, yaron kuwa hancin kakansa sak. Na yi rawa har ɗankwalina ya faɗi. Matar ɗana, mai aikin gwada ruwan sha, ta rungume ni, sannan ta tsaya karanta rubutun jikin duron.

"Mama, kumfar kashe gobara aka zuba a nan."

"Ai na wanke, 'yata. Da toka, da sabulu, da ruwan zafi."

"Toka ba ta iya masa, Mama."

Ta ce irin kumfar nan takan zo da wani asid mai sinadarin fulorin, wanda ba ya ruɓewa, tafasa ruwa ma ba ta kashe shi. Yakan laƙe a roba, ya bi ruwa, ya zauna a jini shekaru, har nonon uwa yana kaiwa. Ƙasashe sun hana wasu irinsa, amma tsofaffin duro suna nan suna yawo a kasuwa. Na dubi jikana, na ce a fitar da duron yanzu.

Na dawo gida, ko zama ban yi ba na tuntsurar da namu, na sa ƙarfe a wuta na huhhuda gindinsa. Maƙwabciyata ta leƙo.

"Haba Mama, da kin ba ni, ko na jiƙa gero."

Mu nan ba ma yar da mazubi, ko gwangwanin madara sai ya ga jikoki. Amma tafiyar nan ta koya mini tambayar abin da ya fara kwana a ciki. Na ce mata ta zauna, in ba ta labari, in kuma duba nata duron.