Motar da Ta Ari Suna

Ranar Juma'a Iya ba ta barin mu kwanta sai Baba ya dawo. Direba ne a wani gida a Maitama, mu kuma muna Kuje, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Iya, mahaifiyarsa, takan zauna gaban gawayi tana gasa mana masara, kunnenta na titi. Ni tatsuniyar Gizo nake so, amma in jira ya yi tsawo tatsuniya ɗaya take yi, kuma na tsane ta.

"Wata mota ce mai suna Hassana," in ji ta. "Duk ƙasar da jirgi ya sauke ta, sai a ɓamɓare tambarinta a manna wani, a raɗa mata sabon suna. Da sunanta na yanka ya rasa mai shi a wata ƙasa, sai aka ba wata baƙuwar mota. Ba uwa ɗaya, ba uba ɗaya. Baƙuwar ce ta faɗo garin nan, hannun wani direba."

Birkinta ya cinye. Direba ya shiga kasuwa ya ce a ba shi na Hassana, aka ba shi na ta asalin. Birkin ya ƙi zama, bakanike ya ɗan daddoke shi da guduma, ya zauna. Ranar kuwa an yi ruwa, ga gangara, ga tirela a gaba.

"Sai me, Iya?"

"Ya taka, ba ta amsa ba. Ku ci masararku."

Kullum a nan take tsayawa. Mu ma mu kasa kunne ga titi, cike da tsoro, har mu ji ƙarar ƙofa.

Bayan na fara aiki a ma'aikata na tashi sayen mota, na tafi da Baba. Ko kallon tambarin bai yi ba, ya duƙa yana laluben lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar. Na ce, "Baba, har yau tatsuniyar Iya?"

Bai ɗago ba. "Direban nan wana Sale ne. Kuma duk shekarun da kuke jirana, irin motar nake ja wa oga."

Yanzu ni ke sauka gangara kullum da yamma, 'ya'yana biyu a baya. Tsakanin in taka birki da ya kama akwai ɗan jinkiri da ba wanda ke lura da shi. Ni a nan numfashina ke tsayawa, don har yau ban rantse na san wadda nake ja ba.