Kawu Garba da Wutar Gonar Ubansa

Ku da kuka zauna da Kawu Garba a Yelwa kun san ba ya kunna ƙwan lantarki sai ya yi sallama. Zai tsaya gaban makunni, ya gyara hula, ya ce salamu alaikum, sannan ya danna. In wuta ta kawo, ya ce ta amsa. In babu, ya ce ta tafi gona, a ƙyale ta ta yi aikinta. Yana saurayi aka datse ruwa a Kainji, tafki ya haɗiye gungun, wato tsibirin da aka haife shi, har da gonar ubansa. Tun daga nan ya yanke cewa duk wutar ƙasar nan a gonar tasu ake girbe ta, kuma abin kunya ne a ce duk zuriyarmu babu wanda ya san yadda ake nomanta.

Shi ne babban wan Innarmu, ni ce kuma na fara gama sakandare a gidan, don haka ni tsautsayin ya faɗa wa. A lokacin ba ni da buri sai in karanta Hausa in zama marubuciyar littattafan soyayya. Na riga na haddace yadda ake haɗa ido a bakin rijiya, da yadda zuciya ke dukan uku-uku. Ranar cike fom Kawu ya raka ni shagon kwamfuta, ya zauna kusa da mai shago kamar waliyyin ango. Na ce Hausa, ya ce lantarki. Na fara hawaye irin na taurarin littafi, ɗaya bayan ɗaya. Bai yi faɗa ba. Ya matso ya rage murya.

"Ɗiyata, na bincika. Ajin Hausa mata sun cika shi. Ajin lantarki kuwa samari ne zalla, ke kaɗai za ki zan fure."

Na share hawayena da kaina, na ce wa mai shago ya rubuta lantarki.

Samarin kam na same su a kwalejin fasaha, Kawu bai yi ƙarya ba. Sai dai duk ƙaurin dalma suke yi, kuma wanda ya fara tsayar da ni da sanyin murya, filaya ya zo aro.

Da na dawo hutun farko, ashe Kawu ya zaga unguwa ya sanar cewa injiniya ta iso. Ni kuwa ban wuce zane a takarda da lissafin da ba na ganewa ba. Na tashi da safe na tarar da tsakar gida kamar kasuwar 'yan gwangwan: rediyo, fanka, tocila, dutsen guga, har da injin jirgin ruwa da maza biyu suka ɗauko daga bakin tafki. A gaban layi Kawu ne da kansa, da kwandon matattun ƙwayayen lantarki da ya shekara ashirin yana tarawa. Bai taɓa yar da ko ɗaya ba, wai hutawa suke yi. Na ɗaga ɗaya a rana na nuna masa zaren ciki ya tsinke, na ce wannan ya mutu. Ya karɓe abinsa, ya goge da bakin riga, ya mayar kwando. Ya ce ba laifi, ajin farko nake, ba a kai ga koya mana tada su ba.

A ranar ne Inna Tambai, tsohuwar da ke sayar da bandar kifi a ƙofar gidanmu, ta kawo wayarta. Ta ce wata uku ɗanta na Legas bai shigo ciki ba, a gyara. Na duba batir, na duba sabis, komai lafiya. Kawu ya fizge wayar, ya sa na nemo masa lambar ɗan, ya kira shi ya wanke shi tas a gaban jama'a. Washegari da hantsi wayar ta yi ƙara. Inna Tambai ta bi gida-gida tana cewa hannun ɗiyar nan da albarka, Kawu kuma bai musa ba.

A shekara ta biyu na faɗi jarrabawar lissafin da'irar lantarki. Na dawo gida da akwatina duka, na gaya wa Innarmu na gama da boko, ba zan koma ba. Ta ce in je in faɗa wa wanda ya kai ni. Kawu ya saurare ni har ƙarshe. Bayan kwana biyu ya ɗauke ni a mota har garin Wara da ke bakin tafkin, ya sa abokinsa Bitrus masunci ya tuƙa mu a kwalekwale. Muka yi ta tafiya har gaɓa ta zama zare. Can tsakiyar ruwa, inda babu ko kara, ya ce a tsaya.

Ya fara nuni da sanda. Nan ne gonar, nan tsamiya, nan rumbu. Ya ce in janye ƙafata, ina taka ɗakin kakata. Na janye. Sannan ya nuna wani wuri can gefe, ya ce nan ya fara ganin Inna Kulu, matarsa marigayiya, tana wanke ƙwarya, ya wuce ta sau bakwai a rana ɗaya wai yana neman akuya, alhali ba su da akuya. Duk littattafan da na karanta ban taɓa cin karo da irin wannan ba. Idanuna suka cika.

Bitrus ya yi gyaran murya, ya ce bara da suka zo, can gabas Kawu ya nuna masa tsamiyar.

"Bitrus, kai da ka tsufa bisa ruwa, ba ka san ruwa na tafiya da kaya ba?"

Muka yi dariya har kwalekwalen ya nemi kifewa. Da muka natsu Kawu ya dubi ruwan, ba ni ba, ya ce: "Mu da munka rasa wurin ga ba mu san abin da anka yi da shi ba. Ke ki koma ki gano muna."

Na koma. Na sake jarrabawar, na haye da ƙyar. Lokacin da sakamakon ƙarshe ya fito Kawu yana kwance, jiki ya yi nauyi. Na zauna bakin gadonsa na gaya masa gaskiya, cewa na gama amma a can ƙasan layi nake. Ya tambaya ko waɗanda suka zo na ɗaya wata wuta daban za a ba su su taɓa. Na ce a'a. Ya ce to a kira Bitrus da Inna Tambai su zo su ga takarda, kuma kowa ya wanke hannu kafin ya riƙe.

Bai cika mako uku ba bayan nan.

Allah ya jiƙan Kawu Garba, ya yafe masa kurakuransa. Ya haskaka kabarinsa da hasken da ba a ɗaukewa, ya sada shi da Inna Kulu a gidan da ruwa ba ya ci. Amin.