Ranar da Na Ƙi Fitowa Daga Baya

Wahala ce, ba wani abu ba. Duk wanda ya ce maka buga wa makaranta ƙwallo daɗi ne, to bai buga ba, kallo ya yi. Ni wata huɗu na yi, kuma har yau gwiwata ta hagu ba ta yafe mani ba.

A Ƙofar Guga na tashi. Sakandare na gama ta, amma kada ka tambaye ni takardar, in ka gan ta sai ka yi mani jaje. Abin da na iya ɗaya ne, tsare baya. Malamin wasanni na wata ƙaramar kwalejin koyon sana'a ya gan ni a filin unguwa, ya kai ni wurin shugaban kwalejin. Ƙarshen mulkin soja ne. Shugaban bai ko ɗago kai ba, ya rubuta layi biyu a takarda, aka sa ni ajin wayarin, inda ake koyon haɗa wutar lantarki. Haka ake yi lokacin, mutum ɗaya ya ce, shi ke nan. Mu uku muka shiga ta wannan ƙofa: ni, da gola, da wani dogo mai buga lamba tara.

Da an idar da sallar asuba nake kama hanya a ƙasa. Kafin ƙarfe bakwai mun zagaye fili har mun ƙoshi. Daga nan sai aji, ciki ba komai sai koko. Bayan la'asar kuma atisaye. Malamin wayarin, wani gajere mai tabarau, in ya ga kaina ya fara rinjaya sai ya jefo mani alli.

"Ɗan ƙwallo, an ci ku ne ko kun ci?"

A yi ta dariya. Ban damu ba. Ni a tunanina ƙwallo ta kawo ni, aji kuwa haraji ne nake biya.

Abin da ya fara ɗaure mani kai shi ne ranar da malamin wasanni ya shigar da mu aji, ya zana ƙwallo a allo. Ban taɓa ganin an zana ta ba. Ya yi ɗigo huɗu a jere, ya ce mu ne 'yan baya. Ya yi ɗigo ɗaya a gabanmu, ya ce ɗan gaban abokan wasa ne. Sai ya ce in za a turo mashi ƙwallo, kada mu ja baya, mu huɗun mu yi gaba lokaci guda mu bar shi. Ya zama ya yi satar gida, lasman, mai tutar gefen fili, ya ɗaga tuta, alƙali ya busa.

Na ɗaga hannu. "Malam, mu bar shi? Shi da gola?"

"Ku bar shi."

"To in ba a busa ba fa?"

"Doka ce. Za a busa."

A unguwarmu ba mu san satar gida ba. Ba layi, ba tuta, duwatsu biyu ne raga. Manyanmu abu ɗaya suka koya mani: na ƙarshe ba ya barin ƙofa, ko sama za ta faɗo. Yau ga mutum da alli yana ce mani in tsare gida ta hanyar fita daga cikinsa. Kuma ni ya ba aikin yin ihu. In na ce "Fito!" kowa ya fito.

Muka yi sati shida muna yi. Abin mamaki, sai ya fara kamawa. A wasan gwaji sai ka ga ɗan gaba ya tsaya shi kaɗai kamar an manta shi a tasha. Na fara son abin. Ina tafiya gida ina juya shi a kai: ashe ana kama mutum ba a taɓa shi ba.

Ana haka soja suka koma bariki. Aka ɗauke shugaban da ya rubuta mani layi biyu, aka kawo sabo, shi kuma ya zo da kwamiti. Kwamitin ya ce a tantance takardun kowa. Malamin wasanni ya kira mu ukun ƙarƙashin dalbejiya, bai ɓoye mana ba.

"Takardunku ba za su wuce ba. Na roƙa. An ce in kun kai kwaleji wasan ƙarshe na kofin nan, za a bar ku ku gyara sakamakonku kuna ciki. In ba ku kai ba, ba ni da bakin magana."

Kofin wani sabon ɗan siyasa ne ya sa, don lokacin kowa sa kofi yake. Mun ci wasa biyu. Saura ɗaya, ranar Lahadi, da wata ƙungiya a filin da ke wajen Ƙofar Sauri.

Ranar Alhamis kafin wasan, malamin wayarin ya ce mu yi tunanin gidan bene. Ƙwan lantarki ɗaya a kan matakala, makunni ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama. Ka kunna a ƙasa, ka hau, ka kashe a sama. Wani ya zo ya sake kunnawa a ƙasa. Ranar ban yi gyangyaɗi ba. Na san makunni ɗaya, waya ta shiga ta fita. Amma ta yaya na ƙasa ya san abin da na sama ya yi? Malamin ya zana rabi a allo, aka buga ƙararrawa.

"Litinin mu ƙarasa," in ji shi, ya kakkaɓe hannu.

Lahadi an yi yayyafi da rana, fili ya yi laushi. Alƙalin wasa na gaske ne, da kayansa da usur ɗinsa. Amma masu tuta kwamitin gasa ne ya kawo su, don an ce kowace mazaɓa sai an ba mutuminta aiki. Na ɓangarenmu wani dattijo ne mai sayar da goro, na san shi a bakin kasuwa. Riga 'yar shara ce jikinsa, tutar kuma jan ƙyalle ne aka ɗaura a sanda.

Ba a jima da take wasa ba aka turo wa ɗan gabansu doguwa. Na ce "Fito!" Muka fito kamar an ja mu da igiya ɗaya. Yaron ya wuce mu da taki biyar, ko makaho ya gani. Muka ɗaga hannu mu huɗu muna kallon mai goro. Mai goro shi ma yana kallonmu, har da murmushi. Yaron ya tafi a tsanake ya jefa a raga.

'Yan kallo suka ɗauka. "'Yan makaranta, aji kuke? Ku sauke hannu, malam bai tambaya ba!"

Kafin hutun rabin lokaci dogonmu ya rama da ka. Ɗaya da ɗaya. Muna shan ruwa malamin wasanni ya ce ya yi magana da alƙali, za a gyara, mu ci gaba da yadda muka koya. Na ce to. Amma a cikina na riga na yanke. Na ce wannan dattijo goro ya sani. Zamana a kwaleji ba zan rataye shi a hannunsa ba. Zan koma irin ta unguwa. Kuskurena, ban faɗa wa kowa ba.

An kusa tashi aka sake turo irin waccan. Ban yi ihu ba. Amma sati shida ba wasa ba ne, ƙafafun sauran ukun sun haddace. Suka fito ba tare da an ce ba. Ni kuma na ja baya, na tsaya ƙofa. Ɗan gabansu ya karɓa, wani ya biyo shi ta gefe, su biyu ni ɗaya. Na tari na farko, gwiwata ta murɗe a laka, ya miƙa wa na biyu. Ina kwance na ji ihu.

Na waiwaya wajen mai goro. Yana tsaye daidai saitina, ya ɗan duƙa, tuta a ƙasa.

Aka tashi biyu da ɗaya. Gola yana kuka, dogo ya cire riga ya yi gaba. Malamin wasanni ya yi mani wani irin kallo, da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Ni kuwa abu ɗaya ke cina. Na ɗingisa na bi dattijon, na same shi yana kwance ƙyallensa daga sanda.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa ɗan nan, sannu. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Baba, don Allah tambaya gare ni. Ta farkon nan, mi ya sa ba ka ɗaga ba?"

"Ai ce mani aka yi in ƙwallo ta fita waje in ɗaga. Ta fita?"

"Ba ta fita ba."

"To ka gani. Ni da na ga kun ɗaga hannu na ɗauka gaishe ni kuke."

"To ta biyun fa?"

Sai ya gyara tsayuwa. "A'a, wannan da ilimina na yi ta. Da aka je hutu alƙali ya zaunar da ni, ya zana mani a ƙasa da tsinke. Ya ce in riƙa bin na ƙarshenku, in ɗan gaba ya wuce shi kafin a bugo, in ɗaga. Wallahi hannuna ya kama hanyar sama, don ya wuce ukun nan. Sai na duba na ga kai can baya, ka tsaya mashi kamar mai gadi. Ni ma na so in tambaye ka. 'Yan uwanka sun tafi, kai mi ka tsaya jira?"

Na ce, "Ban yarda da kai ba ne, Baba."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. "Ai kuwa da gaskiyarka. Sai dai ka makara, lokacin na koya." Ya ɓare goro ya ba ni rabi. Ya ce abin ya burge shi, in ana wani wasan zai roƙa a sake ba shi tutar.

Na yi ta juya wannan magana shekara da shekaru. Tsoho ya koyi abu a hutun rabin lokaci, da tsinke. Ni da na yi sati shida a kai, ni na watsar. Ban ce na gano dalili ba.

A hanyar gida malamin wasanni ya tsaya da babur ɗinsa ya ce in hau. Ya sauke ni a bakin lungunmu. Ya ce ranar Laraba za a liƙa sunayen waɗanda aka sallama, kuma namu na ciki. Ya ce ba sai na wahalar da ƙafata ba, in zauna gida.

Da safe gwiwar ta kumbura kamar tulu. Na ɗaure ta da tsohon rawanin babana, na ari sandar maƙwabcinmu. Ban bi ta fili ba. Na isa aji kafin kowa, na zauna a bencin gaba, inda ban taɓa zama ba. Malamin wayarin ya shigo, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗan ƙwallo, na ji an ci ku."

"An ci mu, Malam. Laraba za a kore ni. Ka ce yau za ka ƙarasa zanen bene."

Ya ɗauki alli. Ashe wayoyi biyu ne ke tafiya tsakanin makunnin sama da na ƙasa. Na buɗe littafi na kwafe shi sau uku.