Hannuna da Buhun Alkama

Mutum goma sha ɗaya ke ci daga hannuna a shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori: uwata, matata, 'ya'ya shida, da marayun yayana uku. Rumbu biyu gare ni a Talata Mafara da rumfa ɗaya a kasuwa, kuma in na faɗi babu mai tsaya musu. Abin da ya kusa kayar da ni kuwa hannuna ne na dama.

Hatsi nake saye da sayarwa. Mu da haƙori muke gwada kaya: ka tsoma hannu a buhu, ka jefa 'yan ƙwayoyi a baki, in ta ce ƙas ta bushe, in ta yi taushi akwai danshi. Shekara ashirin ina haka, har hannun ya daina shawara da ni. Ko buhun wani na gifta ina gaisawa da mutane, sai dai in ji ina tauna.

Da aikin ruwa ya kankama, sai irin alkama ya shigo, wanda aka cuɗa da maganin ƙwari, jajawur. Iri ne na shuka, ba na ci ba. Amma akwai mutanen wajen Maradun da ruwa ya shafe gonakinsu, ga iri a hannu, babu inda za a zuba shi, ga yunwa a gida. Wasu suka riƙa wanke shi, su shanya, su kawo kasuwa. Wankakken ba ya nuna komai, sai ɗan ja a tsagin ƙwayar in ka ɗaga ta a rana. Kaji suka fara mutuwa a gindin buhuna. Wani abokin sana'ata a Damri, mai tauna irina, hannunsa ya kama rawa, yawu na zubo masa. Kafin wata biyu ɗaukarsa ake yi zuwa inuwa. Ba wanda ya faɗi dalili a fili.

Ran kasuwar Bakura na ji ɗaci kamar na lashi ƙarfe. Na tofar, yawun ya fito da ja. Ban ma san buhun da na taɓa ba. Kwana uku ina amai. Na yi rantsuwa na daina, mako bai cika ba na kama kaina ina tauna. Na naɗe hannun da tsumma, sai na hagu ya karɓi aikin.

Akwai wani tsohon malami a Morai da nake kai wa gero. Na je na roƙe shi rubutu in sha. Sai ya sa aka ajiye ƙwaryar gero tsakaninmu, ya shiga tambayar mutanen gida da labarin damina. Can ya dube ni.

"Mi kaka tauna, Alhaji?"

"Allah gafarta Malam, ba komai."

"To buɗe bakin mu gani."

Ya ce rubutu ba ya kama ɓarawon da mai gida bai taɓa ganin shigowarsa ba. Kada in yi kokawa da hannun, in zuba masa ido kawai, domin akwai abin da ke zuwa kafin ya motsa. Kuma duk abin da zai shiga bakina, in yi masa bismilla a bayyane tukuna.

Na daɗe kafin in gano. Ƙanshin buhu ke fara zuwa, sai yawu ya taru, sai babban yatsa ya soma murza manuni. In na ji murzar nan sai in tsaya cak, in ja numfashi, in bar ta ta wuce. Wani lokaci sai ƙwayar ta kai leɓe bismillar ke farkar da ni. Damina guda na yi a haka kafin in iya ɗebo hatsi in dube shi a tafin hannu kurum.

Abokan rumfa suka ce na koma mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Wasu masu kawo mini kaya suka ji haushin yadda nake ɗaga ƙwayarsu a rana, suka koma wajen wasu. Sau biyu na sayi gero mai danshi don ido bai kai haƙori ba, buhu tara suka yi fumfuna a rumbu. Sau huɗu na ga jan nan a tsagi na mayar da kaya, ban san wanda ya saya a bayana ba. Abokina na Damri an rufe shi kafin kaka. Ni gefen harshena ne bai ƙara jin gishiri ba.